Sunan da Na Bari a Shinge

Tun da na dawo daga Kaduna ban gyara agogo uku cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo runfata a Tudun Wada sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Lawali, yaya gasar harbin? Ina kofin?" In na ce babu kofi, sai a ce to a ba su labarin hanya. Na yi ta ba da shi guntu-guntu har ya fara canza kama a bakin mutane, don shekaranjiya wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana yi mini jaje, wai ya ji soja sun harbe ni a ƙafa. Ƙafata lafiya lau take. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa in ina faɗa da baki.

Mai bindigar zan kira shi Baba Bitrus a nan, amma ba shi ne sunansa ba. Na gaskiyar na riga na faɗe shi sau ɗaya a inda bai kamata ba, ba zan ƙara ba.

Dattijo ne mutumin Filato. Ya yi aikin jirgin ƙasa a nan Gusau har ya yi ritaya, matarsa ta rasu a nan, shi kuma bai koma gida ba. Wata rana ya kawo mini agogonsa, ya tsaya a kaina ina saita wani ɗan sifirin da bai fi gashi kauri ba. Da na gama sai ya ce, "Wannan hannun naka ba ya rawa ko kaɗan. Ka taɓa riƙe bindiga?" Na waiga hagu da dama kafin in amsa, don a wannan zamani na soja ba a ambaton bindiga a bakin titi. Ya yi dariya, ya ce in zo gidansa ran Asabar.

A ƙarƙashin gadonsa ya jawo ta. Bindigar iska ce, ba albarushi, ba wuta. Karya ta ake yi a tsakiya, sifirin ya matse, a sa wani ɗan harsashin dalma kamar ƙwayar dawa, in an taɓa kunama iska ta tura shi. Ƙararta ba ta wuce ta mutum ya tafa hannu sau ɗaya ba. Ya ce da can ma'aikatan jirgi suna da kulob na harbi, yanzu duk sun watse, shi kaɗai ya rage da ita. Ya koya mini tsayuwa, da riƙe numfashi, da yadda ake jan kunama kamar ba a so. Ya kuma ce kada in kuskura in sa mata mai a ciki, tsumma kawai a waje. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Matsalar ita ce takardarta gara ta cinye tun tuni, kuma duk wanda muka tambaya a kaikaice ko bindigar iska na buƙatar lasin, amsarsa daban da ta wancan. Ga shi Baba yana da ɗa guda ɗaya tak, ƙaramin hafsan soja a Ikko, a lokacin da kullum ake jin an kama hafsoshi bisa zargin juyin mulki. A ce an samu bindiga ba takarda a gidan uban hafsa, wa zai tsaya ya tambaya ta iska ce ko ta ruwa? Saboda haka ranar da ya amince in tafi da ita gasa, ya riƙe hannuna ya ce, "Lawali, in ta ɓace ta ɓace, in an ƙwace an ƙwace, ba zan tambaye ka ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada sunana ya fito." Na buga ƙirji na ce ko yanka ni za a yi. Ina tuna yadda na faɗe shi da ƙarfi, har ina jin daɗin muryata.

Kulob kuwa ba ni da shi. Jiharmu sabuwa ce fil, komai farawa ake yi. Na je ofishin wasanni, na samu wani bawan Allah mai kirki, shi ne ma ya nuna mini sanarwar gasar, ya ce ana karɓar mutum shi kaɗai. Amma wasiƙa ya ce ba zai iya rubuta mini ba, tun da babu ƙungiyar harbi a jihar da zai ce daga ita na fito. Ya yi mini addu'a, na fito da addu'ar.

Harbi a cikin gari ba zai yiwu ba, don haka muka kai bindigar Kekun Waje, wajen Bungudu, gidan Kawu Ɗan'ali, yayan mahaifiyata. Tsohon maharbi ne, yana da bindigogin adaka biyu a rataye, kowacce da layu. A bayan rumbunsa na auna mita goma da igiya, na riƙa zana katin harbi a kwalin sukari. Wata bakwai ina zuwa duk mako. Kawu yakan zauna a kan turmi yana kallona, yana girgiza kai. "Harbin takarda! Wai Lawali, in ka kashe ta, miya aka yi da ita ko gashi?" Amma na lura in na huda tsakiya, sai ya yi gyaran murya ya kau da kai.

Ana jibi gasa na je ɗauko ta. Kawu ya fito da ita daga ɗakinsa tana ta ƙyalli, ya miƙo mini da hannu biyu. "Na yi mata gyara irin namu," ya ce. "Ba a zuwa garin mutane da makami shina kama da na marayu." Na yi godiya, na ɗauka gogewa ce kawai. Na so in gwada harbi ɗaya, sai na tuna harsashina gwangwani ɗaya ne, ba a sayar da irinsa a Gusau, kuma sittin ake harbawa a gasa. Na naɗe ta a zane, na naɗe zanen a tabarma, na ɗaure da igiya wuri uku. Kawu ya so ya ɗaura mata laya, na ce alƙalan gasa ba za su yarda ba. Ya ce to in sa a aljihu. Na sa.

Washegari da safe na shiga tashar Gusau ɗauke da tabarma a kafaɗa, ina jin kamar kowa yana ganin abin da ke ciki. Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai jefa ta bisa mota, na ce a'a, a ƙarƙashin ƙafata za ta zauna. Ya dube ni ya ce, "Tabarmar zinari ce?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Fijo ce doguwa, na samu kujerar tsakiya gefen taga, na kwantar da tabarmar na taka ta da ƙafa biyu.

Har Tsafe ba abin da ya faru. Shinge biyu muka wuce, a kowanne aka leƙo aka ce mu tafi. A Tsafe direba ya tsaya ƙara wa mota ruwa, na sayi waina mai zafi na kasa ci, na ba wani Bafulatani da ke bayana. Shi ya cinye, ya kuma tambaya ko akwai saura.

A Kucheri mutum ɗaya ya sauka, wata tsohuwa ta maye gurbinsa. Hajiya Ige ake ce mata, mai ƙuli-ƙuli ce, tana kai kaya Funtuwa. Sai da ta sa aka sauke kayan kowa aka sake jerawa don kada a danne mata galan ɗin mai, ta yi faɗa da direba, ta yi faɗa da wanda ya rako ta, sannan ta shigo ta zauna kusa da ni tana nishi saboda ciwon gwiwa. Ba mu yi nisa ba ta fara shaƙar hanci. "Ɗan nan, kai ma mai kaka kai kasuwa?" Na ce a'a Hajiya, ni mai gyaran agogo ne. Ta ce, "To wani abu nan shina ƙamshin mai, kuma ba nau ba na." Na ɗauka surutun tsofaffi ne. Da na tsaya na yi tunani a kan maganar nan, da ban rubuta wannan labari ba.

Shinge na uku shi ne na iyaka, inda Zamfara ta ƙare Katsina ta fara. Ganguna ne a jere da katako mai ƙusoshi, da soja huɗu a inuwar wani marke. Wannan karon ba leƙe aka yi ba, cewa aka yi kowa ya fito da kayansa. Na fito na bar tabarmar, ina fatan a manta da ita. Wani soja siriri ya sunkuya ya jawo ta, ya ji nauyinta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar, tabarma ta warware a kan kwalta, zane ya buɗe.

Ban san sanda na samu kaina kwance rub da ciki ba. Kowa ya kwanta, har direba, sai Hajiya Ige da ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ta zauna a kan buhun ƙuli-ƙulinta. Babbansu ya taso, saje ne, gajere mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya tambaya ta wace ce. Na ɗaga hannu daga kwance. Ya ce in tashi.

Na fara bayani, maganar tana fita tana karo da juna. Na ce ranka ya daɗe ta wasa ce, ta iska ce, gasa za ni. Ya ce ina takardar kulob. Na ce babu kulob. Ina lasin. Na ce ba a yi mata lasin, ina jin. Ya ce, "Kana jin." Na nuna masa sanarwar gasa, ya karanta ya mayar mini, ya ce ko ɗan fashi zai iya tsintar wannan a bola. Sai wata dabara ta zo mini, har na ji sanyi a raina. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in harba ka gani. Wallahi ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta wuta. Iska ce zalla." Har rantsuwa na yi.

Ya sa aka ɗora gwangwanin madara a kan wani kututture. Sojan nan siriri ya koma bayana ya ɗana tasa bindigar, na ji ƙarar ƙarfen a cikin haƙorana. Na karya tawa, na sa harsashi, na tsaya yadda Baba ya koya mini, na ja kunama.

Jama'a, ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta daga bindigar nan ba. Tau! kamar adakar Kawu. Ta doki kafaɗata, tsuntsayen da ke kan marken suka watse, farin hayaƙi ya fito daga bakinta yana murɗawa a gaban kowa. Na tsaya ina kallon hayaƙin kamar wawa. Ni da na rantse yanzun nan.

Wani ya fizge ta daga hannuna, wani ya danna ni na durƙusa. Na ji bakin bindiga mai sanyi a ƙeyata, daidai inda wanzami yake ƙarasa aski. Na tuna mutanen da ake ɗaurewa a jikin ganga a harbe saboda fashi, na tuna mahaifiyata da na ce wa Kaduna za ni sayen kayan agogo. Sajen ya tsuguna a gabana, ya ciro wani ɗan littafi mai jan bango daga aljihun ƙirjinsa, ya lashi bakin biro. A hankali ya ce, "Wa ya ba ka?"

Wannan shi ne wurin da nake tsallakewa. Sau ɗaya ya tambaya. Ba a mare ni ba, ba a shure ni ba, ko zagi ba a yi mini ba. Na buɗe baki na faɗi sunan Baba, da sunan mahaifinsa, da unguwar, da cewa gidan yana bayan kwatas ɗin jirgi, ƙofarsa shuɗiya. Abin da ba a tambaye ni ba ma na faɗa. Ina magana ina jin kaina, na kasa tsayawa. Abu ɗaya da Allah Ya rufa asiri, ban ambaci ɗansa ba, shi ma ba jarumta ba ce, bai zo mini a rai ba ne. Sajen ya rubuta duka, ya maimaita mini sunan, na ce haka ne.

Yana rufe littafin sai muka ji muryar Hajiya Ige daga kan buhunta.

"Saje! Kai Saje! Wanga hayaƙi ba na albarushi ba na. Man gyaɗa na."

Siririn ya daka mata tsawa, ta ce masa ya yi mata shiru, ta haifi wanda ya girme shi. "Shekara arba'in ina suya, ni za a gaya ma ƙamshin man gyaɗa in ya ƙone? Kuma na bana na, bai ko kwanta ba. Tun Kucheri nika jin shi. Kawo in shinshina."

Sajen bai kai mata ba, amma ya kai bakin bindigar hancinsa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya karya ta yadda ya ga na yi, ya sa ɗan yatsa a ramin, ya fito da shi yana maiƙo. A nan ne kaina ya buɗe. Gyaran Kawu! Su maharba haka suke yi wa adaka in za ta yi tafiya, su ɗura mata man gyaɗa ta sha har ta ƙoshi. A bindigar iska kuwa, daga baya aka yi mini bayani a Kaduna, in sifirin ya matse iska da ƙarfi sai ta yi zafi, man da ke ciki ya kama wuta ya fashe. Abin da Baba ya hana ke nan, ni kuma ban taɓa gaya wa Kawu ba.

Na roƙa a bar ni in ƙara harbawa, na ce man zai ƙone ya ƙare. Ban tabbata ba, fata kawai nake yi. Sajen ya miƙo mini ita. Harbi na biyu ya yi ƙara kusan kamar na farko, na ji bindigar da ke bayana ta motsa. Na uku ya ragu. Na biyar sai ɗan hayaƙi kamar na taba. A na bakwai ta dawo bindigar da na sani, ta ce tas, shi ke nan. Wurin duk ya gauraye da ƙamshin suya, har Bafulatanin nan ya ɗago kai daga kwance yana dube-dube.

Cikin harbi bakwai ɗin nan ko sau ɗaya ban taɓa gwangwanin ba. Hannun da Baba ya yaba yana kaɗawa kamar na mai zazzaɓi. Sajen ya dubi gwangwani, ya dube ni, ya ce, "Kai ne za ka gasa?" Sojojin suka fashe da dariya. Ya ce wanda bai iya samun gwangwani a taku goma ba, ba zai yi fashi ba, in naɗe kayana in ba shi wuri.

Na naɗe, na tsaya ina murza hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan nan da ka rubuta, tun da an gane, ko za a yage?" Ya taɓa aljihunsa, fuskarsa ba fushi ba dariya. Ya ce, "Abin da ya shiga littafi ya shiga. Wuce."

A mota kowa ya yi ta magana lokaci ɗaya, ana kwaikwayon yadda na rantse, ana yi wa Hajiya kirari. Ita ba ta kula su ba. Sai da muka kusa Funtuwa ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Wanga mutum da ka hwaɗi, mi yaka gare ka?" Na ce malamina ne. Ta ce, "Da ka ɗan jinkirta, ɗan nan. Ina ta haɗa maganar a bakina." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da za ta sauka ta cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu, ya haɗu da layar Kawu.

A Funtuwa ya kamata in sauka in juya Gusau in gaya wa Baba, don ba shi da waya, ni ma ba wanda zan aika. Na yi tunanin haka, har na kama murfin ƙofa. Sai na ce wa kaina in na juya ta shingen nan zan sake bi. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, wata bakwai na yi ina harbin kwalin sukari, ina so in ga wurin gasar nan da idona. Na saki ƙofar, mota ta wuce Zariya.

A Kaduna na sauka wurin wani abokin sana'a da muka koyi gyaran agogo tare, ya ba ni shimfiɗa a bayan shagonsa. Ya kai ni wata rumfa aka zubo mana teba da miya mai yauƙi da ganda, abin da ake haɗiyewa ba a tauna. Na yi loma huɗu na tsame hannu. Tuwon dawarmu da miyar kuka ko ba nama yana zama a ciki, wannan kuwa sai na ji kamar na haɗiyi roba. Ko kuma ba laifin tebar ba ne, don duk motar da ta tsaya a ƙofar shagon sai gabana ya faɗi.

Wurin gasar wani dogon zaure ne mai fitilu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. A wajenmu in maharba sun taru, da kiɗa da kirari da ihu, kowa yana faɗin abin da kakansa ya kashe. A nan mutum ya huda tsakiya, ba mai ko tari. Suna sanye da wasu riguna masu tauri kamar fatar kiri, in mutum yana tafiya sai ka ce an ɗaure shi a katako. Har mata suna harbi, kuma wata siririya da ke kusa da ni ta fi maza da yawa. Tsakiyar katin nasu ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba. Ni da nake zana tsakiyata da bakin kwalbar turare, ashe gata na riƙa yi wa kaina.

Matar da ke rajista ta tambaye ni kulob, na ce babu. Mai horarwa, na ce babu. Ta ɗago ta dube ni da kaftanina da tabarmata, ta rubuta Zamfara, ta ce ni ne na farko da ta gani daga can. Aka auna nauyin bindigar, wani dattijo mai duba makamai ya shinshina ta ya ce, "Wa ya soya ƙosai a ciki?" Shi ya wanke mini ita, ya yi mini bayanin man, da ya ji harsashina bai kai ba kuma ya cika mini daga nasa. Ya tambaya a ina na samu tsohuwar bindiga mai kyau haka. Na ce gado na ci. A nan, inda ba wanda ya ɗora mini komai a ƙeya, ƙaryar ta fito sumul.

Na harba sittin ɗina. Duk sanda na sa ido a saiti, jan littafin nan nake gani. Na zo na uku daga ƙarshe, kuma ɗaya daga cikin biyun da na wuce bindigarsa ce ta lalace. Sau ɗaya na huda tsakiya na samu maki goma, a harbi na arba'in da wani abu, ban ma san yadda aka yi ba. Da aka tashi aka ba kowa takarda mai hatimi cewa ya halarta.

Da takardar a hannu na dawo. Na shirya maganar da zan yi wa sajen, har na yi niyyar in durƙusa masa. Muka iso shingen iyaka na tarar an canza su, wasu sababbi ne, ko leƙo mu ba su yi ba. Na tambayi direba ina na shekaranjiya, ya ce wa ya sani, yau suna nan gobe suna wata jiha. Littafin ya tafi a aljihun mutumin da ban san sunansa ba, shi kuwa ya san na Baba har da launin ƙofa.

Ban biya gida ba, daga tasha na wuce bayan kwatas. Na hango shuɗiyar ƙofar a buɗe, na ja na tsaya. Ashe shara yake yi. Ya gan ni ya washe baki, ya jingine tsintsiya, ya ce, "Maki nawa?" Na ajiye tabarmar, na tsuguna, na gaya masa duka tun daga gyaran Kawu. Ban rage ba, har da cewa sau ɗaya aka tambaye ni, har da Funtuwa.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya tambaya, "Ka ambaci yaron?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Ya shiga ɗaki, na ji yana buɗe akwati. Ya fito da wata ƙaramar jaka, ya sa bargo a ciki, da maganin hawan jininsa, da tabarau, da littafin addu'arsa, ya zuge, ya ajiye ta a bayan ƙofa. Ya ce in sun zo ba ya so ya tsaya neman kaya a gabansu. Na fara kuka, na ce Baba ka zage ni mana. Ya ce, "An taɓa ɗora mini bindiga a ƙeya? Ba a taɓa ba. To ban san abin da zan faɗa ba in ni ne."

Yau wata biyu da kwana tara ke nan, ba wanda ya zo. Wataƙila sajen ya kunna taba da takardar, wataƙila tana cikin wani fayil tana jiran ranarta, ba mu da hanyar sani. Baba ya daina rubuta wa ɗansa wasiƙa, ya ce sai abubuwa sun lafa. Bindigar ta koma Kekun Waje, na kuma gaya wa Kawu in ya ƙara kusantarta da mai ni da shi ne. Har yanzu yana cewa ai ƙarar da ta yi ita ce ta nuna ta samu lafiya.

Duk Asabar ina zuwa wurin Baba da katunan da na harba, ya sa tabarau ya duba, ya ce nan ka yi gaggawa, nan ka saki numfashi. Tabarau ɗin daga cikin jakar yake ciro shi, in ya gama ya mayar ya zuge. Makon jiya ina shiga na yi tuntuɓe da ita, na sunkuya zan ɗauke ta in kai ɗaki. Ya ce, "Bar ta nan, Lawali. Kawo katin mu gani."